Gurnanin inji, kukan aljihu

Akwai motocin da kunne ke shaida su tun kafin ido ya gan su. Idan Ford Mustang ko Chevrolet Camaro ko Dodge Charger ko 'yar'uwarta Challenger ta ratso titi a Kano ko Kaduna ko Abuja, za ka ga yara sun tsayar da ƙwallo, mai shayi ya juyo da kofi a hannu, 'yan makaranta sun zaro waya suna ɗauka. Amurkawa na kiran irin waɗannan motoci da wani suna da ke nufin mota mai ƙwanji, kuma sunan ya dace da su, domin ƙaton inji ne mai silinda takwas ake cusawa a jikin motar da ba ta wuce girman ta iyali ba. Yawancinmu a fim muka fara son su: baƙar Charger 'yar 1970 a Fast and Furious, ko Camaro ruwan ɗorawa a Transformers na 2007. Ni ma ina cikin masoyansu har gobe. Sai dai na samu damar kallonsu daga inda masu ɗaukar hoto ba sa leƙawa, wato daga cikin ramin gareji, ƙasan mota na saman kaina, baƙin mai na ɗiga a wuyan rigata.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya kai ni garejin kawuna. Mahaifiyata ta ce ba za ta zuba ido ina barci har azahar ba, ta haɗa ni da ƙanin nata. Garejin na gyara motoci iri-iri, amma an san Kawu da iya injin Amurka, saboda haka duk wata sai an jawo mana ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan ƙarfafa. A watannin nan na fahimci abu guda da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai masu ajiye hotunansu a fuskar waya: a duk kuɗin da mota mai ƙwanji za ta ci maka, kuɗin sayenta ne mafi sauƙi, kuma shi kaɗai ake biya sau ɗaya.

Don a gane dalili, sai an waiwayi inda aka haife su. A 1964 kamfanin Pontiac ya fitar da GTO, wadda galibi ake ɗauka a matsayin ta farko a wannan jinsi, kuma a watan Afrilun shekarar Ford ya gabatar da Mustang a birnin New York. Charger ta biyo baya a 1966, Camaro a matsayin samfurin 1967, Challenger kuma na 1970. An ƙera su ne don matasan Amurka na wancan zamani, masu albashi mai kauri da fetur mai araha da doguwar hanya miƙaƙƙiya mai santsi. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, farashin mai ya yi sama, sai kasuwarsu ta durƙushe. Wannan kaɗai darasi ne: ko a ƙasar da ta ƙera su, tsadar mai ta taɓa kayar da su. Daga baya sun farfaɗo. Charger ta dawo a 2006 da ƙofa huɗu, Challenger a 2008, Camaro a 2010. Waɗannan sababbin su ne ke zuwa mana a matsayin tokumbo, ta tashar Legas ko ta Kwatano.

Matsalar farko ba a cikin inji take ba, a tarihin motar take. Wanda ya sayi Corolla sabuwa don zuwa ofis da kai yara makaranta ya saya. Wanda ya sayi mota mai ƙarfin doki sama da 400, ai don ya taka totur ya saya. Duk ƙarfin injin a tayoyin baya yake sauka, shi ya sa ake iya juya ta a wuri guda tana hayaƙi. Kowane irin wannan wasa yana cin taya da kuloci da farfela da aksul na baya, kuma ba ya barin alama a jikin fenti. Bayan haka, da yawa daga cikin masu arahar da ake shigowa da su daga gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na jihar Texas, kuma irin wannan ambaliya na faruwa a Amurka kusan kowace shekara. Motar da ruwa ya shiga tana iya tashi lafiya lau a ranar ciniki. Tsatsar da ke cin wayoyinta a hankali sai bayan wata shida take fara magana.

Ban manta wani matashi da ya girme ni da shekara biyu ko uku ba. Ya shigo da wata baƙar mota mai silinda takwas, tana sheƙi kamar an lashe ta, mako shida da sayenta. Daga baya muka ji cewa da kasonsa na gadon mahaifinsu ya saye ta. Ƙorafinsa ƙarami ne: wata 'yar ƙara ce ke fitowa daga inji, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga cokali a gefen kwano. Kawu ya ɗauki dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a kan inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya yi shiru na kusan minti guda.

"Ɗana, wane baƙin mai aka zuba maka?"

"Wallahi Baba, mai kauri ne. An ce shi ya fi dacewa da zafin garin nan."

"Kashe ta. Kar ka sake tayar da ita sai mun buɗe."

Abin da ke wannan ƙara sananne ne ga duk mai bin labarin waɗannan motoci. A injin Hemi na Dodge da kuma mai lita 6.2 na Camaro, akwai wasu ƙananan ƙarafa goma sha shida da makanikai ke kira lifta. Kowace tana da 'yar taya a gindinta da ke birgima a kan kamshaf, tana tura sanda ta buɗe bawul. Idan 'yar tayar nan ta daina birgima, sai ta riƙa kankare kamshaf kamar yadda magagari ke cin ƙarfe, garin ƙarfen ya bi baƙin mai ya zagaye inji. Yawancin masu giyar otomatik a cikinsu kuma suna da wata dabara ta rage shan mai: idan mota na tafiya a hankali, kwamfuta na kashe silinda huɗu ta bar huɗu. Da matsin baƙin mai ake yin wannan aiki, ta wasu ƙananan hanyoyi masu tsananin ƙunci. Shi ya sa aka rubuta 5W-20 a murfin injin Hemi mai lita 5.7. Wanda ya zuba 20W-50 irin na tsohuwar Fijo ya tilasta wa inji shan kunu ta bakin allura.

Wani lokaci ana dace, ƙarar ta zama ta ƙusoshin bakin salansa ne da suka karye saboda zafi, wanda shi ma yana yawan faruwa a injin Hemi, kuma gyaransa bai kai wancan ba. Idan kuwa lifta ce, sai an sauke kawunan inji kafin a kai gare ta. A Amurka wannan aiki kan ci dala 3,000 zuwa sama. Idan dala na naira 1,500, miliyan huɗu da rabi ke nan. Gaskiya ne ladan makanike a nan bai kai na can ba, amma kamshaf da liftoci da gasket duk daga can za a yi odarsu da dala, a biya jigila, a biya kwastam. Motar matashin nan ta yi wata uku a ƙarƙashin dalbejiyar garejinmu tana jiran kaya. Da aka gama lissafi, gyaran ya kusa kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin da ya saye ta. Ya biya, ya hau ta wata biyu, ya sayar da ita da asara. Ranar da ya zo sallama ya ce wa Kawu abin da ya fi damunsa shi ne kuɗin makarantar ƙanwarsa da ya yi alkawarin ɗauka.

Ko da babu abin da ya lalace, abincin yau da kullum na wannan mota daban yake. Corolla na shan baƙin mai kamar lita huɗu. Hemi mai lita 5.7 na shan kusan lita bakwai, Mustang GT ta 2011 zuwa 2017 kusan lita takwas, ta 2018 zuwa sama kuma ta haura tara, kuma ba kowane mai ake zuba musu ba. Corolla na da fulogi huɗu, Hemi na da goma sha shida, biyu a kowace silinda. Yawancinsu na taka taya mai inci 19 ko 20, wadda mai kyau ɗaya kan kai dala 200, kuma na baya ba sa daɗewa idan ƙafar direba na da nauyi. Challenger ta kusa tan biyu a nauyi, saboda haka duk taka birki ɗaya aiki ne babba ga takalman birki da fayafayansu. A motocin da aka sa wa birkin Brembo, kuɗin canza su kaɗai zai yi wa ƙaramar mota sabis na shekara.

Sai fetur. A cikin gari, mai silinda takwas na yin kilomita shida zuwa bakwai a lita guda, Corolla kuwa na yin sha ɗaya zuwa sha biyu. Tankin Challenger na ɗaukar lita 70. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A wannan farashi, cika tanki sau ɗaya naira 70,000 ne, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Wanda ke yin kilomita 30 a rana zai ƙona kusan lita 140 a wata, wato tanki biyu. Ƙari a kan haka, manyan cikinsu, irin mai lita 6.4 da Hellcat mai ƙarfin doki 707, an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen manmu kala ɗaya suke sayarwa. Kwamfutar motar za ta rage wa inji ƙarfi don ta kare shi, ka ga ka biya kuɗin dawakan da ba za ka taɓa hawa ba.

Giyabos ma na da nasa labarin, kuma kowace mota da irin nata. Masu Mustang mai giyar hannu daga 2011 sun daɗe suna kuka da giyabos ɗin MT82, kan cewa giya na yin tauri ko ta ƙi shiga idan inji na gudu sosai. Camaro mai giyar otomatik takwas, ta 2016 zuwa 2018, ta yi suna da karkarwa a kan hanya, kamar ana taka tsakuwa, kuma maganin farko shi ne canza man giya gaba ɗaya da wani na musamman. Dodge daga 2015 na amfani da giya takwas ƙirar ZF ta Jamus, mai ƙarko ce ƙwarai, amma man da take sha nata ne ita kaɗai, kuma matatar man a manne take da farantin ƙasa, sai a canza su tare. Na ga yadda zuba jan man giya na gama-gari ke lalata irin wannan giyabos a cikin 'yan makonni. Sake gina shi a Amurka kan ci dubban daloli, a nan kuma neman wanda zai iya aikin ma wani aiki ne.

Masu cewa za su tsira idan suka sayi mai silinda shida ko huɗu suna da 'yar gaskiya, domin shan mai na raguwa. Amma su ma da nasu. Mai lita 3.6 na Dodge na yawan yoyon baƙin mai daga gidan filta, wanda da roba aka yi shi kuma a tsakiyar inji yake, sai an cire abubuwa da dama kafin a kai gare shi. Camaro mai silinda shida ta 2010 da 2011 an san ta da saki na sarƙar taimin, musamman idan ana jinkirta canza mai.

Zafin garinmu na ƙara wa abin nauyi. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga cunkoso, ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto da filtar iska. Babban inji babban murhu ne. Gefen lagireto da mahaɗan bututu da yawa na roba ne, suna bushewa su tsage. Al'adar wasu gareji ta cire tamostat a zuba ruwan rijiya tana kashe waɗannan injina, domin ruwan na barin ƙasa-ƙasa da tsatsa a cikin hanyoyi, kwamfuta kuma na ganin inji bai yi ɗumi ba ta ci gaba da ƙara mai. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya ƙona gasket ko ya lanƙwasa kan inji na alminiyam. Na'urar sanyaya ɗaki ma ba abin wasa ba ce: idan ɓangarenta na ciki ya huje, kamar yadda masu Mustang ta 2015 zuwa 2017 da dama suka fuskanta, sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Sannan ga hanya. Tsakanin cikin waɗannan motoci da ƙasa bai wuce tsawon biro ba. Duk tudun rage gudu a unguwa jarrabawa ne, duk rami kuma hukunci. Taya mai siririn gefe ba ta shanye duka, sai ya wuce ga rim ya lanƙwasa shi, ya wuce ga shokozoba da robobin hannuwan gaba. A Charger da Challenger, robobin ƙafar gaba na cikin abubuwan da suka fi saurin mutuwa ko a hanyoyin Amurka, balle namu. Idan damina ta sauka, titi ya cika da ruwa, motar da ke shaƙar iska daga ƙasa-ƙasa na iya zuƙar ruwa, kuma inji ba ya yafe wannan.

Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi, wato rai. Mustang ta 2005 zuwa 2014 da Challenger ta 2008 zuwa 2014 da Charger na kusan waɗannan shekaru suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke iya fashewa ta watsa gutsattsarin ƙarfe a fuskar direba. Zafi da laima ne ke ƙara haɗarin. A 2014 an yi wa Camaro sama da 500,000 kiranye saboda gwiwar direba na iya taɓa makulli ta kashe inji ana cikin tafiya. A Amurka kyauta dila ke yin irin wannan gyara. Motar da ta ƙetaro teku ba a yi mata ba, da wuya ta sami mai yi mata a nan. Wasu ma da jakar iskar da ta riga ta fashe suke zuwa, a ɗinke sitiyari, a kashe fitilar gargaɗi. Mai wasan mota a bikin abokinsa bai san ba shi da komai a gabansa ba.

Duk wannan ya taru a wuri guda: samun kayan gyara. Mai Toyota ko Honda zai shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya fito da abin da yake nema kafin la'asar, sabo ko ɗan Beljiyam. Mai Camaro zai buga waya Apo a Abuja, a ce a tambayi Ladipo a Legas, daga nan a ce sai an yi oda. An daina ƙera Challenger da Charger mai injin Hemi na wancan zubi a Disambar 2023, Camaro ma ta tsaya a samfurin 2024. Kayansu ba za su ɓace a Amurka nan kusa ba, amma babu dalilin da zai sa ɗan kasuwarmu ya cika shago da kayan motar da ba ta fi a ƙirga da yatsu a garinsa ba. Kawu kan kwatanta abin da doki. Duk wanda ya tashi a gidan da ake hawan sallah ya san sayen doki ba shi ne wahala ba. Harawa da dusa da kanwa da ɗan kula da shi, kullum safe da yamma, ko an hau ko ba a hau ba, su ne dokin.

Ba ina cewa kada kowa ya saya ba. Wanda Allah ya hore wa, yana da wata motar ta zirga-zirga, ya san me ya ɗauko, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ya fara da lambar VIN mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake duba tarihin mota a Carfax, a duba kiranye kyauta a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, sau da yawa ma har hotunanta na ranar gwanjo ana samu a intanet. Ya je da makaniken da shi ya zaɓa, su tayar da ita da sassafe inji na sanyi, domin ƙarar da ke ɓuya da rana a lokacin take fitowa. A sa mata sikana. A ɗaga kafet a sunsuna, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. A leƙa ko indomin salansa na nan ko an fasa an kwashe. Kuma idan bayan biyan kuɗin mota babu ragowar da za ta ɗauki babban gyara guda, to lokacinta bai yi ba tukuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ke cin ribar wannan soyayya. A duk motocin da na gani, mai ita ne ke fitar da kuɗi, wanda ya san cikinta ne ke karɓa. Garuruwanmu na cike da motoci masu kwamfuta, masu iya karanta su kuwa kaɗan ne. Ɗalibin da ya riƙe fizis da lissafi, ya iya Turancin da zai karanta littafin gyara, ya koyi bin zanen wayoyi da aiki da sikana, yana da sana'ar da ba ta jiran takardar ɗaukar aiki, namiji ne ko mace. Kwalejojin fasaha da foliteknik na koyar da gyaran mota, gareji kuma na karɓar mai son koyo a lokacin dogon hutu. Idan gurnanin inji mai silinda takwas na sa gabanka faɗuwa don daɗi, kada ka tsaya a ɗaukar hotonsa. Nemi wanda zai buɗe maka bonet, ka tambaye shi sunan kowane ƙarfe da aikin da yake yi.